Jirgin Gado: Kuɗin Da Nake Ci Daga Yawuri

Shekara biyar na yi ina cin kuɗin jirgin ruwa ban taɓa taka cikinsa ba. Farkon kowane wata wayata takan yi ƙara, in duba in ga Baffa ya turo rabonmu daga Yawuri, in kasafta tsakanin Inna da ƙannena, in sa nawa a aljihu. Ina zaune a Sabon Garin Zariya. Ruwa mafi girma da na saba gani shi ne Galma idan damina ta yi nisa, sai dam ɗin Kubanni da muke zagayawa da yamma lokacin da muke karatun aikin jarida a Samaru. Duk da haka, a takardar rabon gado ni mai jirgi ne.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mutumin Yawuri ne. Aikin reluwe ya kawo shi Zariya, kamar yadda ya tara baƙi masu yawa a Sabon Gari tun da layin dogo ya ratsa nan ya kai Kano a 1911. Da ya yi ritaya sai ya haɗa kuɗin sallamarsa da abin da ƙaninsa ya tara, suka sa aka ƙera musu jirgin katako na fito, suka ɗaura masa inji. Baffa ke kula da shi a can, riba kuma a raba biyu. Bayan rasuwar mahaifinmu rabinsa ya dawo hannunmu, ni ne babba, saboda haka lambata aka ba Baffa.

A cikin waɗannan shekaru na sha rubuta labarin hatsarin jirgin ruwa. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara a Ƙaramar Hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi ya dare a tsakiyar kogin Kwara da mutum fiye da 150 a ciki. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, jirgin da ya ɗauko ɗaliban Islamiyya daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 da ke dawowa daga biki suka salwanta a yankin Patigi na Jihar Kwara. A farkon Oktoban 2024 aka sake yin wani a Gbajibo, Ƙaramar Hukumar Mokwa. Kowane lokaci jimlolin da muke rubutawa iri ɗaya ne: lodi ya wuce ƙima, jirgin ya tsufa, babu rigar kariya. Nakan rubuta, in yi wa mamatan addu'a, in rufe kwamfuta. Ban taɓa ɗaukar waya na tambayi Baffa halin da namu jirgin yake ciki ba.

Abin da ya sa na kira shi a ƙarshe, ina jin kunyar faɗa, kuɗi ne. A Nuwamban 2024 saƙon ya zo da rabin abin da aka saba. Bayan gaisuwa na ce, “Baffa, na ga saƙo, Allah ya ƙara arziki. Sai dai kamar bai cika ba.”

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Sannan ya ce, “Ɗana, duk watannin da yake cika, ka taɓa tambayata yadda aka yi ya cika? Ka samu lokaci ka zo ka ga jirgin ubanka.”

Na tafi a watan Disamba, ta Kontagora, yini guda cur a mota.

Wanda bai taɓa zuwa Yawuri ba zai ɗauka kogi ne kawai ya ratsa gefen gari. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwan ya ja baya ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, ya haɗiye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonaki, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Yawuri na can wajen kan tafkin daga arewa. Ga ƙauyukan Gungawa da Kambari da masuntan Sarkawa da ke tsibirai da ƙetare, jirgi shi ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti, shi ke kai amarya. Ruwan kuma sau biyu yake cika a shekara. Akwai cikar damina mai laka da ƙarfi, akwai kuma ruwan da ke tasowa daga duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar, ya iso da sanyin hunturu bayan lakarsa ta kwanta. A kan wannan na biyun na tarar da su.

A kwata, wato inda jirage ke tsayawa, Baffa ya haɗa ni da matuƙinmu, magidanci daga zuriyar Sarkawa da ya girme ni da kusan shekara goma. Ya dube ni daga sama zuwa ƙasa ya ce, “Ɗan Alhaji, sannu da hanya. Ashe kai ne mai karɓar balas.” Ba da gatse ya faɗa ba, amma ta shige ni.

Kwana uku na yi ina bin sa fito. Abin da na koya zan yi ƙoƙarin bayyanawa, domin na lura yawancinmu da ke sharhi a kan hatsarin ruwa ba mu san yadda jirgi ke aiki ba.

Injin da ke bayan jirginmu Yamaha ne mai ƙarfin doki 40, irin wanda ake ɗaurawa a gindin jirgi a cire shi da dare. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙaramin janareta da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, ko tsohuwar Vespa, ya san danginsa. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai irin ta mota. Man da ke shafe fistin da sauran ƙarafan ciki a cikin fetur ake zuba shi, su ƙone tare. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi 1 na mai cikin kashi 50 na fetur, wato tanki mai lita 25 na buƙatar rabin lita. Idan aka rage, ko aka zuba mai maras kyau, injin ba zai nuna komai yau ba. Zai ci gaba da aiki yana cin kansa a hankali, har ranar da ƙarfe zai kama ƙarfe ya tsaya cak.

Na biyu, sanyaya shi. Ruwan kogin yake zuƙowa ta wasu ƙananan ƙofofi da ke kusa da farfela, wata 'yar roba mai fukafukai tana juyawa tana tura ruwan sama ya zagaya injin. Shaidar cewa tana aiki ita ce wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga gefen injin. Matuƙinmu yana kiransa fitsarin inji, kuma na ga ko hira yake yi, kowane 'yan mintoci sai ya waiwaya ya dube shi. Yashi na cinye robar, leda ko ciyawa na toshe ƙofofin. Da zarar tsartuwar ta tsaya, 'yan mintoci kaɗan suka rage kafin injin ya yi zafin da zai lalace. A rana ta biyu na gani da idona: ya kashe inji, ya ɗago shi, ya cire wata baƙar leda da ta naɗe, ya zura siririyar waya a ƙofar, ya tayar muka ci gaba. Fasinjoji ba su ma daina hira ba.

Na uku, giyar da ke can ƙasa cikin ruwa, wadda ke juya farfela. Tana da nata man, kuma littafin injin ya ce a sauya shi bayan kowace awa 100 ta aiki. Jirgin da ke fito kullum yakan cinye awa 100 cikin 'yan makonni. A ruwan da masunta suka cika, zaren taru kan naɗe a bayan farfela, ya yanke robar da ke tare ruwa. Idan ka kwance ka ga man ya koma fari kamar nono, ruwa ya shiga, haƙoran giyar kuma sun fara tafiya. Sai fulogi da ke yin baƙi, da kafireta da ke toshewa saboda fetur ɗin jarka mai datti ko mai ruwa.

Babu abu mai wuyar ganewa a cikin wannan duka. Kowane makanikin janareta a kasuwar Sabon Gari zai fahimce shi cikin rabin awa. Bambancin yana wurin da injin ke mutuwa. Idan motarka ta mutu a hanyar Kwangila, sai ka gangara gefe ka kira makaniki. Jirgi kuwa da ƙarfin inji yake fuskantar igiyar ruwa da goshinsa. Da ya mutu, iska da ruwa za su juya shi ya ba su gefe. Idan lodi ya danna shi har tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce tafin hannu ba, igiya ɗaya ta isa ta zubo ciki. Mutane su firgita su koma ɓangare guda, shi ke nan. Ga kututturan itatuwan da tafkin ya haɗiye, waɗanda matuƙi ke kauce wa da sani, amma jirgin da ruwa ke ja ba ya kauce wa komai.

Shi ma jikin jirgin yana da nasa lissafin. Katakai ne aka jera aka buga da ƙusa, aka cusa tsumma da kwalta a tsakaninsu, inda ya tsage a lulluɓe da gwangwani. Ƙusa na tsatsa, katako na ruɓewa daga ciki. Kowane jirgi na da yaro mai kwalfe ruwa da yankakken galan, kuma Baffa ya ce mini idan ina son sanin lafiyar jirgi in dubi yaron: in yana samun sararin zama, jirgin da sauransa, in kuwa bayansa ba ya miƙewa daga kwata zuwa ƙetare, lokacin fitar da jirgi tudu ya yi. Fitar da shi tudu na nufin kwanaki babu fito, babu ko sisi, ga kuɗin kafinta da katako.

A daren ƙarshe muka zauna mu uku aka buɗe mini lissafi. Tsarinmu irin na motar haya ne da Keke Napep: matuƙi ya kawo ƙayyadadden balas, mai da ƙananan gyare-gyare daga wuyansa, abin da ya saura nasa. Inji irin namu, idan aka matsa shi ƙarshe, yana iya shan kusan lita 20 a awa. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai naira 200 a gidan mai ba, wato awa guda ba ta kai naira 4,000 ba. Zuwa ƙarshen 2024 lita ta kai naira 1,000, awa guda ta koma wajen naira 20,000. Kuɗin fito ya ƙaru, amma matar da ta ɗauko albasa ko busasshen kifi zuwa kasuwa ba za ta iya biyan ninki biyar ba. Balas ɗinmu kuwa ko sau ɗaya ba mu ce a rage ba.

Na tambaye shi yadda ya yi. Ya ce, “Ɗan Alhaji, ƙofa biyu ce ta rage mini. In ƙara mutane, ko in rage wa inji abincinsa. Na shiga duka biyun.” Ya koma sayen baƙin mai na awo a bakin hanya, yana ɗan rage ma'auni. Man giya sai ya ji ƙara ta sauya. Robar ruwa sai ta mutu. Watan da bai cika balas ba, Baffa ya cike daga rabonsa don kada marayun yayansa su ga giɓi. A watan Oktoba injin ya buga a tsakiyar ruwa, jirgin cike da mata masu dawowa daga kasuwa. Allah ya sa babu iska a ranar, wani jirgi ya jawo su. Kuɗin gyaran ne ya cinye rabin saƙon da na kira ina ƙorafi a kai.

Ban yi barcin kirki ba a daren. Jimlar nan da na sha rubutawa, lodi ya wuce ƙima, ashe tana da ci gaba da ban taɓa rubutawa ba. Wani ne ke jiran kuɗin lodin, kuma sau da yawa ba ya cikin jirgin. A namu jirgin, wannan mutumin ni ne.

Da na dawo Zariya na ba wani abokin karatuna labarin, wanda yanzu yake ƙaro ilimi a Birmingham ta Ingila. Sai ya turo mini hotunan wasu dogayen jirage sirara da ke jere a magudanan ruwa na tsakiyar birnin, da hayaƙi na fita daga bututunsu da tukwanen fure a rufinsu. Ya ce mutane ne ke zaune a ciki, gidajensu ke nan. Na shiga karanta tarihinsu, na ga akwai abin da ya shafe mu.

Magudanan nan haƙa su aka yi da hannu domin dakon kaya. Wanda ake yawan farawa da shi, magudanar Bridgewater, an buɗe ta a 1761 don kai kwal Manchester. Ƙofofin da ke ɗaga jirgi ko sauke shi daga wani tudun ruwa zuwa wani, a yawancin magudanan tsakiyar ƙasar, faɗinsu ƙafa 7 ne, shi ya sa ake ƙera jirgin da faɗin ƙafa 6 da inci 10, tsawonsa kuma ya kai ƙafa 70. Da jirgin ƙasa ya zo ya karya farashin dako, matuƙa suka kasa biyan hayar gida, suka kwashe iyalansu suka koma zama a ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan jirgi. Halin da yaransu suka shiga ne ya sa aka yi ta fafutuka har majalisa ta yi doka a 1877, wadda ta wajabta rajista da duba duk jirgin da ake kwana a ciki. Su ma talauci ne ya fara cika musu jirgi, dokar daga baya ta zo.

Yau dakon ya kusa ƙarewa, jiragen sun zama na shaƙatawa da na zama. Wata gidauniya, Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi a Ingila da Wales, da jirage fiye da 30,000. Gudun da aka yarda da shi mil 4 ne a awa, kusan saurin mai tafiya a ƙasa. Wanda ba shi da wurin ɗaure jirgi na dindindin dole ya matsa gaba duk kwana 14. Rayuwar kuma aiki ce: a cika tankin ruwa, a kwashe ban-ɗaki, a duba mai da ruwan injin dizal kafin a tayar, a buɗe wata 'yar ƙofa a zura hannu cikin ruwan sanyi a cire ledar da ta naɗe farfela, daidai abin da na ga matuƙinmu ya yi. Duk shekara biyu ko uku a fitar da jirgin tudu a shafe jikinsa na ƙarfe da baƙin fenti don tsatsa. Kuma ba a ba ka lasisi sai ka nuna inshora da takardar shaidar cewa an duba gas da mai da wutar jirginka, wadda ake sabuntawa duk shekara huɗu.

Ba na kwatanta ruwansu da namu. Magudanarsu ba ta gudu, a wurare da yawa ba ta fi ƙirjin mutum ba, wanda injinsa ya mutu zai iya tura jirgi gefe da sanda. Su kuma yawancinsu zaɓi ne ya kai su ruwa. Abu biyu dai na ɗauka. Mai jirgin shi ke kwana a cikinsa, don haka idan ya yi sakaci da gyara, gadonsa ne zai jiƙe. Inda kuma ba a amince da hankalin mai jirgi kaɗai ba, an ɗaure izinin shiga ruwa da dubawa. A wurinmu akwai hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, da aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lakwaja, kuma ƙa'idojinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da ƙima, sun wajabta rigar kariya. Duk waɗannan a bakin kwata ake ganinsu, kan matuƙi da fasinja suke faɗawa. Yarjejeniyar da ke tsakanin mai jirgi da matuƙi, wadda ita ke yanke yawan man da za a zuba da yawan mutanen da za a ɗauka, babu jami'in da zai iya ganinta daga bakin ruwa.

Idan hatsari ya auku mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yarda da ƙaddara. Amma malaman da suka koya mana ita sun koya mana cewa sai an ɗaure raƙumi ake tawakkali, kuma rabin litar baƙin mai na cikin ɗaurin.

Na tara Inna da ƙannena na faɗa musu abin da na gani, na kawo shawara uku. A soke ƙayyadadden balas, a koma raba abin da aka samu bayan an cire kuɗin mai. A ware kaso na gyara kafin kowa ya taɓa, Baffa ya riƙe. A ja layin fenti a jikin jirgi, idan ruwa ya taɓa shi lodi ya ƙare. Ƙanina da ke aji uku a jami'a bai ji daɗi ba, kuma yana da hujja, da kuɗin nan yake biyan rajista. Ya ce, “Yaya, sauran jiragen fa? Duk wanda muka bari a kwata, na kusa da mu zai ɗauka. Mu ne kawai za mu yi asara.” Wata ƙanwata ta ce a sayar da rabonmu kowa ya huta. Na yi tunanin hakan ni ma, sai dai wanda zai saya zai nemi ya mayar da kuɗinsa da sauri, kuma na riga na san daga inda saurin ke fitowa.

Inna ce ta rufe maganar. Ta ce, “Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. Mun ci shekara biyar. Ku yi abin da yayanku ya ce.”

Ƙanina bai yi kuskure ba. Abin da ke zuwa yanzu ya ragu sosai, kuma ni na ɗauki rajistarsa daga albashina. Matuƙin ya ce fasinjoji na yi masa gunaguni idan ya ce jirgi ya cika alhali suna ganin wuri, wasu sun koma bin wasu jiragen. Rigunan kariya da muka saya ba su isa kowa ba, waɗanda ake da su ma wasu kan ƙi sawa saboda zafi, ko don kada a ce sun raina Allah. Jirgi ɗaya cikin jiragen kwata bai sauya komai a tafkin Kainji ba.

Abin da ya sauya ƙarami ne. Na saya wa matuƙin littafin rubutu irin na 'yan makaranta, yaronsa mai kwalfe ruwa ke rubuta awannin da inji ya yi da ranar da aka sauya mai ko fulogi. Duk Juma'a yakan ɗauki hoton shafin ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma in duba shi kafin in duba saƙon banki. A wurin aiki, idan labarin kifewar jirgi ya zo, ina roƙon wakilinmu ya ƙara tambaya uku a kan adadin mamata: wane ne mai jirgin, a ina yake zaune, nawa ake kai masa a rana. Makon jiya shafin ya nuna awa 94 tun sauyin man giya na ƙarshe. Na kira Baffa na ce a sauya kafin ranar kasuwa. Ya yi dariya ya ce ai tun shekaranjiya aka sauya, yaron ne bai rubuta ba.